Yadda Za Ka Yi Wasiyya 'Ya'yanka Su Dawo Gaishe Ka

Kai dattijo da 'ya'yanka suka mayar da gaisuwa ta waya, gyara zama. Ni tsohon tela ne, shekara arba'in ina taka keke. 'Ya'yana uku, na yi wata biyar ban ga ƙeyar ko ɗaya ba. Bi abin da zan faɗa maka, kafin sati biyu takalma za su cika ƙofar ɗakinka. Tabbas ne.

1. Nemi akwati da kwaɗo

Ka rataya makullin a wuya, inda za a gani. Ko takarda ɗaya ce a ciki ba komai. Ɗan yau ba ya girmama furfura, amma yana girmama kwaɗo.

2. Yi tari a waya

Sau biyu, kada ka wuce. Sannan ka ce, "Ba komai, wasiyya nake rubutawa," ka kashe. Babban ɗana mai shagon taya ya iso kafin in ajiye wayar da kyau. Auta direba ya biyo shi. Ta tsakiya ma'aikaciyar asibiti ce, a nan na yi sakaci, za ka ji.

3. Kada ka gama rubutun

Wasiyyar da aka gama ta kashe zumunci. Ni malamin makaranta maƙwabcina ke rubuta mini, duk Asabar sai in ce ya soke layi ɗaya, a gabansu.

4. Yi wa kowa alkawarin abu mafi daraja, a keɓe

Nawa keken ɗinkina ne. Na raɗa wa kowannensu cewa nasa ne, na kwanta ina jiran rigima. Ta zo kuwa, ina jinsu ta taga.

Auta ya ce, "Yaya, kai ne babba, kai ka cancanta."

"A'a, shagona ba wuri. A ba ƙanwata."

Ta ce, "In kai shi ina? Hawa na uku nake. Ƙarfen nan ya fi Baba nauyi."

Da keken nan na ciyar da su. Ranar ban ci abincin rana ba.

5. In asirinka ya tonu, ka daure

'Yata ta shigo da jakarta ta ce, "Baba, malam ya faɗa mana keke ne kawai a takardar. Tarin nan ne ya kawo mu. Miƙo hannu." Allura biyar na sha saboda tarin da ba ni da shi. Na ce na warke, ta ce ba ni ke faɗa ba.

Na cire makullin daga wuya, na ce to, shi ke nan, kowa ya koma harkarsa.

Asabar ta zagayo, sai ga babban da wando a leda. "Baba, ya yage, a taimaka." Wata Asabar auta ya kawo riga. Shekara arba'in ina wannan aiki, na san yagewa, na san aikin almakashi. Na zura zare, na taka a hankali, suna zaune suna surutu. Wandon nan yanzu na ɗinke shi sau shida.

Gargaɗi

Wanda ya bi wannan hanya ya sha allura, ko ya ji abin da bai so ji ba ta taga, kada ya zo ƙofata, babu ruwana. Ranar Asabar ma kada ya zo, ina da aiki.