Waliyyu Bai Iya Gaisuwa Ba

Wata Talata, mako uku ke nan, ƙaya ta soke ni a dunduniya a gonar albasata ta hanyar Aliero, ƙafa ta kumbura suntum. Na ɗingisa zuwa ɗan asibitinmu na bayan Jega, ina cewa kafin hantsi na gama. Har aka kira azahar ina kan benci, wai ba a ga katina ba.

Sabon mutum na tarar a ɗakin kati, surukin wani babba. Gaisuwa kam ya iya. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi albasa, har sau huɗu. Kati dai bai fito ba. Na ce masa, ina Waliyyu?

Ga wanda bai san shi ba, Waliyyu magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shekara tara yana riƙe da ɗakin nan, tun muna ƙarƙashin Sakkwato. Ba ya kallon idon mutum, ba ya doguwar gaisuwa. Ƙarar inji na sa shi toshe kunne, in kuwa aka gusar masa da tebur ba a gaya masa ba, ranar ta lalace. Amma faɗi sunanka, kafin ka rufe baki katinka na hannunka.

To da aka ba mu sabuwar jiha, sai aka turo mana sabon shugaban asibiti, Mai Girma Sarkin Sa Hannu, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada. Ranar da ya zaga, kowa ya cire takalmi ya zube. Waliyyu yana kallon bango ya ce, "Sannu. Matsa, ka tare min haske." Kashegari aka mai da shi gindin janareta yana kiran layi, aka kuma buga takardar sallamarsa, sa hannu kawai take jira.

Yayansa Maccido mahauci maƙwabcina ne. Da yamma ya same ni ina gasa ƙafa.

"Malam, mi Waliyyu yay yi musu?" in ji shi. "Tun yana ƙarami haka shike. Anka ce aljannu na, munka yi hayaƙi har munka gaji. Ba shi sata, ba shi ƙarya, ba shi latti. In sunka kore shi, ina za shi da ɗiya biyu?"

Wallahi raina ya ɓaci.

Kada ku ɗauka Mai Girma ba shi da tausayi. A makon da na je asibitin ya kafa Kwamitin Kula da Masu Buƙata ta Musamman. Aka kafa rumfa, aka soya kaji, aka ɗaura lasifika biyu daidai kan Waliyyu don a yi jawabi a kan irinsa. Bawan Allah ya toshe kunne ya gudu bayan dalbejiya. Kwamiti ya rubuta cewa ya ƙi halartar taro.

Malama Zinatu, babbar nas, ita ce ta yi ta maza ta shiga ofis. Ta ce, "Ranka shi daɗe, ba hauka ta ba, ba reni na ba. Ƙwaƙwalwatai na da tata hanya. Rubuta mai abin da kaka so da lokacin da kaka so, a raba shi da hayaniya, ka ga aiki. Ba shi mako biyu."

Mai Girma ya yarda, ya rubuta da hannunsa: kullum ƙarfe takwas daidai, Waliyyu zai shigo ofis, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban kujerar shugaba, ya yi gaisuwa cikakkiya, sannan ya rubuta a littafi cewa ya yi.

Waliyyu kuwa abin da aka rubuta ba ya tsallake ko wasali. Takwas na bugawa masinja ya buɗe masa, ya durƙusa, ya tambayi kwana, gajiya da iyali. Sannan ya rubuta: "Na gai da kujera. Mai ita bai zo ba." Ya dawo sha ɗaya, ya ƙara: "Har yanzu bai zo ba." Kwana goma cur haka, da kwanan wata, da rubutu tsaf kamar na ɗab'i.

Jiya aka kai wa Mai Girma littafin. Malama Zinatu ta ce ya karanta, ya kira Waliyyu ya tambaye shi ko wani ya gani. Waliyyu ya ce, "Kowa ya tambaya na nuna mishi." Kafin la'asar takardar sallama ta shiga kwandon shara, an mai da shi ɗakin katinsa, an kuma yafe masa gaisuwa har abada, a rubuce.

Maccido ya aiko min da tsire yana ta godiyar Allah. Na ce ya ci gaba da addu'a, amma ya san abin da zai roƙa. Kada ya kuskura ya roƙa wa Mai Girma sammako.