Injiniya Ya Ɗumama Masu Zaɓe

Duk faɗin gidan hayar nan babu mai ilimin gas kamar Injiniya, kuma shi da kansa ya sha tabbatar da haka. Ya yi shekara da shekaru a wani kamfanin gas. Gaskiya ne aikin nasa bai wuce buɗe wa motoci ƙofa ba, amma ilimin gas ta hanci yake shiga, shi kuwa ya shaƙa iya shaƙa. Sunan Injiniya ma shi ya raɗa wa kansa ranar da ya tare, don kada ya wahalar da maƙwabta wajen nemo masa wanda ya dace.

Abu guda ya rage masa a duniya: kujerar shugaban kwamitin masu haya. Abokin takararsa wani tela ne na hawan ƙasa, mutumin da duk manufarsa ba ta wuce a gyara fitilar matattakala ba. Injiniya ya ji kunyar a haɗa shi da irin wannan. Shi da ya zo da abin da zai ceci al'umma!

Sanyi ya shigo da ƙarfi a shekarar, wutar lantarki ta yi tsada, kowa yana kwana da rigar sanyi. Nan Injiniya ya fito da fasaharsa.

“Ɗumi dukiya ne,” in ji shi, yana tare mutane a bakin ƙofa. “Wawa ne kawai zai sayi ɗumi da kuɗinsa, ya bar shi ya fice ta taga.”

Ya bi tagogin ɗakinsa ya liƙe da salatif. Ya cusa tsofaffin jaridu a kafar iskar da magina suka bari a bangon kicin, ya ce ai kuskurensu ne ya gyara musu. Sannan ya kunna kawunan murhun gas gaba ɗaya, ba tukunya ba komai, ya bar ƙofar kicin a buɗe. Da wutar ta bar shuɗi ta koma ruwan ɗorawa, har tana baƙanta silin, ya ce alama ce gas ɗin ya nuna. Akwai wata 'yar na'ura da mai gidan ya liƙa a kowane ɗaki don ta yi ƙara idan iska ta ɓaci. Ta Injiniya ta yi ƙarar kuwa, har tana katse masa magana. Ya cire mata batir, don ba ya son rashin kunya.

Matarsa ta fara kukan ciwon kai, yara suna tashi da jiri.

“Baban yara, a buɗe mana taga ko kaɗan ne,” ta ce.

“Ke dai ba ki saba da jin daɗi ba ne,” ya ce.

Ta kwashe yaranta ta kai gidan yayarta. Ya gaya wa maƙwabta ya tura iyali hutu.

Ranar zaɓe da hantsi ya gayyaci masu haya falonsa, su ga abin da idonsu kafin su jefa ƙuri'a. Suka shigo suna rawar ɗari, suka tarar da ɗaki kamar bakin tanda. Ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da tawul, ya gyara wuyan kwat.

“Jama'a, na zagaya, na bincika, na gano. Abin da manyan masana suka kasa, ga shi na yi a kicin ɗina. Ku ba ni kujerar nan, wallahi babu tagar da za ta sake buɗuwa a gidan nan!”

Ya yi ta zuba. Can ya lura kawuna sun fara sunkuyawa suna ɗagowa. Tsohon direba na hawa na uku ya gyaɗa kai, malamar makaranta ta gyaɗa, har tela abokin hamayya ya gyaɗa sau biyu ya kwantar da kai a kafaɗar na kusa da shi. Daɗi ya kama Injiniya.

“Kun gani? Har shi ya sallama!”

Shi ma kansa yana sara, harshensa ya yi nauyi, amma ya ɗauka nauyin shugabanci ne ya fara sauka.

Allah ya sa matarsa ta dawo ɗaukar wa yara kayan makaranta. Ta tura ƙofa da ƙyar, ta ga falonta cike da manya sun zube kamar kayan wanki, mijinta na tsaye yana yi wa labule jawabi. Ta ruga ta kashe murhu, ta yage salatif, ta banke tagogi, tana ihu a kawo agaji.

“Rufe!” in ji Injiniya. “Za ki kashe mini...” Bai ƙarasa ba ya bi sahun masu zaɓensa.

Waɗanda suka ƙi zuwa taron su suka jawo mutane waje. Iska ta farfaɗo da yawancinsu kafin motar asibiti ta iso, ba a rasa kowa ba. Injiniya ne ya fi kowa shaƙa, kasancewar ya fi kowa buɗe baki, don haka shi aka kwantar.

Washegari ya farka da robar iska a hanci. Bai tambayi lafiyar kowa ba.

“An yi zaɓen?”

“An yi, a tsakar gida,” matar ta ce. “Tela ya ci.”

“Maguɗi ne! Ni da na ga kowa yana gyaɗa kai? To, nawa na samu?”

“Ɗaya.”

Ya lumshe ido, ya kamo hannunta. “Na san ba za ki ba ni kunya ba.”

Ta zare hannun a hankali, ta gyara masa bargo.

“Ni tela na zaɓa, Baban yara. Taka ta maƙwabcinmu mai sayar da gas ce. Ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa samun mai saye kamarka ba.”