Yadda Nomau Ya Kai Hadari Bikin Nunin Dabbobi

A garin Tudun Gamji akwai wani gida mai mutum uku da sa ɗaya. Akwai Malam Barmo maigidan, da matarsa Jimmai, sai ƙaninsa Nomau, wanda furfura ta fara leƙo masa a gemu amma har yau magana ba ta taɓa yin kwana a kunnensa ba. Yadda ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya kai inda ka ce. San kuwa fari ne tas mai dogayen ƙahoni. An dandaƙe shi tun yana maraƙi, amma hakan bai rage masa zafin rai ba, shi ya sa ake kiransa Hadari. Shi ke huɗa, shi ke jan amalanke, in ka cire shi daga gidan ba abin da zai rage sai tabarmi. Da aka yi shelar cewa ƙaramar hukuma za ta yi bikin nunin dabbobi, kuma san da ya zo na ɗaya za a ba mai shi injin ban ruwa, sai Malam Barmo ya ƙwallafa rai. Ya ɗora wa Nomau aikin shirya Hadari, don duk garin shi kaɗai san yake bari ya taɓa shi.

Wata rana Malam Barmo zai tafi fadama ya ce, "Nomau, alƙalan nuni ba sa son sa mai tunkuyi. Kafin in dawo ka kwantar masa da hankali." Nomau ya ce to. Ya zagaya Hadari yana neman inda hankalin yake. Ya ɗaga jela, babu. Ya leƙa kunne, duhu. Can ya tuna duk wanda zai ce masa ba shi da hankali, kansa yake nunawa, ya ce ashe nan ne gidansa. Ya shiga ɗakin Jimmai ya kinkimo katifarta da matashin kai, ya shimfiɗa a gindin turke, ya rungume wuyan san yana lallashi. "Ba kai duka ba, hankalin kawai za ka kwantar." Hadari ya sunsuni matashin, ya soke shi da ƙaho, auduga ta watsu a tsakar gida. Jimmai ta dawo daga rijiya, tulu ya kusa suɓuce mata. "Nomau! Katifata ce a cikin kashin shanu?" Ya ce, "Yi a hankali, Jimmai, kada ki tashe shi. Ya fara sunkuyowa."

Wata rana kuma Malam Barmo ya ce, "Filin nuni hayaniya gare shi. Ka kai shi inda aka fi ihu, ya shiga cikin jama'a ya zama ɗayansu." Shi kasuwa yake nufi. Amma ranar ihun kasuwa bai kai na makarantar firamare ba, inda ƙungiyar manoma ke zaɓen shugaba. Nomau ya ja Hadari ya kutsa, suka tsaya a layi. Aka ce masu goyon bayan Alhaji Maikwano su ɗaga hannu. Mai ƙirga yana tsaye kan tebur, rana na dukan idonsa, ya hango abu biyu sun fi na kowa miƙewa sama, ya haɗa da su. Da waɗannan biyun Alhaji Maikwano ya haye. Abokin takararsa ya tada jijiyar wuya. "Ƙaho ne! Wallahi ƙaho aka ƙirga!" Alhaji Maikwano ya gyara babbar riga ya ce, "Ƙungiyar manoma ce ko ba ita ba? Nuna mini wanda ya fi shi noma a cikinku." Da yamma mutanen wanda ya faɗi suka zo gidan Malam Barmo da buhun dusa, suka ce a gaishe da Hadari, a kuma tuna da su a zaɓe na gaba.

Wata rana, ana gobe biki, Malam Barmo ya miƙa wa ƙaninsa sabulu ya ce, "Ka wanke shi kamar farar rigar Juma'a, sannan ka goge shi ya yi sheƙi." Nomau ya san yadda ake wa farar riga. Ya cuɗa Hadari da sabulu, ya ɗauraye, ya jiƙa bula a bokiti ya sheƙa masa. Ya so ya matse shi, abin ya gagara. Sai ya aro dutsen guga wurin tela, ya cika da garwashi, ya nufo san yana hurawa. Hadari na jin hucin wuta a gefen cikinsa ya kai wani irin harbi, dutsen ya tashi sama ya dira a kan harawa. Da ƙyar maƙwabta suka kashe wutar. Malam Barmo ya zo ya tarar da rabin harawarsa toka, sansa kuma shuɗi-shuɗi kamar sararin sama. Ya dafe kai. Nomau ya ce, "Yi haƙuri, Yaya, gugar ce kawai ta rage. Amma ba shi da tamoji sosai."

Ranar biki suka sammako zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma. Fili ya cika da rumfuna, da shanu, da makaɗa. Hadari dai ya ga abin da ya fi wannan a hannun Nomau, don haka ya tsaya tsaf yana tuƙa, sauran shanun na ta fizge-fizge. Alƙalai suka kewaye shi, babbansu ya gyara tabarau ya ce wannan launi sai irin ƙasar waje. Aka fara raɗe-raɗin cewa shi ne na ɗaya. Sakataren kwamiti, wani mai ƙaton tumbi da usur a wuya, ya ce wa Nomau, "Kai, ja shi gaba jama'a su ga tafiyarsa. Ka miƙe kawai, kada ka tsaya sai na ce ka tsaya." Nomau ya ja igiya. Bai yi nisa ba jiniya ta tashi, babban baƙo ya iso, sakatare ya kwasa a guje ya je tarba. Nomau ya kai ƙarshen fili, bai ji an ce tsaya ba. Ya wuce masu tsire, ya fita ƙofa, ya hau titi. Ƙishirwa ta dame shi, ƙafa ta yi nauyi, ya riƙa karkata kunne baya, shiru.

A can fili kuwa aka kira san Malam Barmo na ɗaya, aka nemi sa aka rasa. Malam Barmo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Aka ba na biyu matsayin. Sai shugaban ƙaramar hukuma ya karɓi lasifika ya ce injin ban ruwa yana kan hanya, kuma manoman yankin, saboda tsananin ƙaunar da suke wa babban baƙo, sun ba shi san da ya yi nasara kyauta. Aka yi tafi. Mai san, wani dattijo da ya yi shekaru yana kiwonsa, yana tsaye baki buɗe aka rataya masa lambar yabo, aka tura sansa cikin mota.

Malam Barmo ya sulale ya tari ɗan acaba. Sai bayan la'asar ya cim musu, sun wuce mararrabar Tudun Gamji, sun doshi daji. Nomau na ganinsa ya ce, ba tare da ya rage sauri ba, "Yaya, mai usur ɗin ya aiko ka ka ce in tsaya?"

Malam Barmo ya dubi Hadari, ya waiwaya ya dubi hanyar hedkwata. Ya sauko daga babur, ya kama igiyar tare da ƙaninsa.

"Bai aiko ba," in ji shi. "Ƙara sauri."