Loma Ɗaya, Kaya Ɗaya

Wani ne, direban tasi, Allah ya yi masa baiwar zubar da kaya. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, amma duk inda hannunsa ya gaji da abu, to nan ne ma'ajinsa. In ya shigo gida, takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ɗayan kuma sai an rusuna ƙarƙashin gado. Hula a kan firji. Sifana a cikin kwandon albasa. Akwai wata tsohuwar taya da ta daɗe a falo, har baƙi suka fara zama a kanta suna yaba laushinta.

Matarsa ta yi magana har muryarta ta dushe. Ta kwashe da safe, ya zubar da yamma. Duk wannan tana iya haƙuri da shi. Abin da ke ci mata rai shi ne maganar mahaifiyarta. Zuwan tsohuwar na ƙarshe, ta sha farin zani sabo fil, ta zauna a kujera, ashe tsumman baƙin mai ne a ƙarƙashinta. Ta miƙe ta ga abin da ya samu zanin. Ta ɗauki jakarta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce da 'yarta, "In kina son ganina, kin san hanya." Tun daga ranar ba ta sake taka gidan ba.

Da ƙyar da lallami matar ta shawo kanta, ta yarda za ta zo cin abincin rana a ƙarshen wata. Mutumin namu na dawowa daga aiki ta tare shi.

"Maigida, zauna mu yi magana."

Ya duba inda zai zauna, babu. Ya zauna a kan taya.

Ta ce, "Mama za ta zo. Ka buɗe kunnenka da kyau. In ta sake fita daga gidan nan ranta a ɓace, wallahi ƙafata ƙafarta."

"Haba 'yar Mama, a kan ɗan tsumma?"

"A kan ɗan tsumma. Na gaji. Kai ka zubar, ni in kwashe, uwata kuma ta ƙaurace min. Ba zan iya ba."

Yana son matar nan kamar ransa. Tarkacen ne dai ya fi ƙarfinsa.

Washegari ya tafi wurin abokinsa mai aski. Shi wannan mai askin, shagonsa ko allura ta faɗi sai ka gan ta. Kowane almakashi da ƙusarsa, kowane tawul a ninke. Mutumin ya zauna ya zayyana masa komai, har idonsa ya kawo ruwa.

Mai aski ya ce, "Me ke hana ka gyarawa?"

"Mantuwa ce. Ina niyya, sai kawai in ga hular ta riga ni zuwa kan firji."

"To mene ne ba ka taɓa mantawa da shi ba tun da aka haife ka?"

Bai ko yi tunani ba ya ce, "Abinci."

"Ko sau ɗaya?"

"Ranar da aka yi min aiki a asibiti, ina farfaɗowa shi na fara tambaya, kafin in tambayi ko an dace."

Mai aski ya yi dariya ya ce, "Ka samu magani, mutumina. Ka ɗaure gyara a jikin cin abinci. Kada ka kai komai baki sai ka mayar da abu ɗaya wurinsa. A hankali jiki zai saba, ba sai an tuna maka ba."

Mutumin ya miƙe da rabin aski ya ɗaga yatsa sama. "Na rantse, daga yau ba abin da zai wuce maƙogwarona sai na mayar da wani abu wurinsa."

"Kai, ba sai ka rantse ba."

"Ai na riga na yi."

Ranar farko abin ya tafi daidai. Da safe ya rataye hula, ya sha shayi. Da rana ya fitar da sifana daga cikin albasa, ya ci shinkafa. Da yamma ya haɗa takalmi da ɗan'uwansa, ya ci taliya. Sai ya tsaya tsakiyar falo ya riƙe ƙugu, ya dubi tulin da ya rage. Ya ga in dai a haka ne, sai jikokinsa ne za su ƙarasa aikin.

To, ku da ni, da mun ce bari mu riƙa kwashe abu goma kafin mu ci. Shi ba haka kansa ya ba shi ba. Shi a ganinsa abincin ne ya yi kaɗan.

"'Yar Mama, ɗora tukunya."

"Ba yanzu ka tashi daga kan kwano ba?"

"Ba don ni ba ne, don falo ne."

Ta ɗora. Ya mayar da jarka, ya ci. Can ya sake leƙo kicin.

"A soya ƙwai, akwai batir a bayan kujera."

Ta ajiye ludayi ta ce, "Ni ba gidan abinci na buɗe ba. Sau uku nake girki, ka san yadda za ka yi da shi."

Ya zauna yana nazari, can sai ya buga cinya. Ai rantsuwar ba ta ce kwano ba, cewa ta yi abin da zai wuce maƙogwaro. Ke nan kowace loma da kayanta.

Daga nan gidan ya koma filin tsere. Ya ruga ya rataye riga, ya dawo ya kai cokali. Ya ruga ya naɗe waya, ya dawo ya kai cokali. Yana tauna yana gudu, yana haki yana haɗiya. Matar ta zauna tana kallo, tana dariya har da riƙe ciki. Maƙwabta da suka ji dirin ƙafa suka aiko tambaya ko ɓera ake kora.

Amma fa aiki ya yi kyau. Aka gano dutsen gugar da matar ta daɗe tana zargin maƙwabciya da riƙewa, sai da ta je ta ba ta haƙuri. Aka gano ashe akwai taga a ɗakin baya. Ita kuwa taya, ya ce wannan ba ta loma ɗaya ba ce, da ya gangara da ita waje sai da ya tashi da burodi guda. Jikinsa ya saba, kamar yadda mai aski ya ce. Yana shigowa, kafin ya ankara hula ta hau ƙusa, takalma sun jeru a bakin ƙofa. Matar ta riƙa kallonsa tana murmushi, tana ƙara masa nama a miya.

Sai kaya suka fara ƙarewa.

Wata safiya ya fito da kofin shayi a hannu, ya nufi hannun kujera, ya ga wayam.

"Wa ya ɗauke mayafin da ke nan?"

"Ni. Nawa ne, na rataye."

"Innalillahi! Tun jiya nake tanadinsa don karin kumallo!"

"To ka yar da cokali ka ɗauka mana."

"A'a, wannan ha'inci ne. In yar da hannuna don in ci? Ai daidai yake da satar abinci."

"To sha shayinka kawai, wa ke kallonka?"

Ya kai kofin baki. Maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Ya sake gwadawa, ya ƙware, har da hawaye. Sai ya ɗauki kofin ya tafi ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci.

"Maƙwabci, don Allah ko akwai ɗan hargitsi a gidanka a taimaka min?"

"Ɗan me?"

"Ko takalmi ne da ba ya wurinsa. Shayina na hucewa."

Matar maƙwabci ta jiyo daga ciki, ta ce a shigo da shi da sauri kafin ya canja shawara. Ba a daɗe ba nan ma ya cinye musu hargitsin tas. Ya koma wurin mai aski ko zai samu abin ɗauka, ya duba shagon sama da ƙasa, ya fito da yunwarsa yana cewa wannan mutum ba ya tausayin baƙo.

Da ranar zuwan tsohuwa ta matso, sai ya yi dabara. Duk abin da ya ga matarsa ta manta, ba ya taɓawa, sai ya tura shi da ƙafa bayan ƙofar ɗaki. Safa ɗaya, murfin kwalba, mataji, ɗan kunne, cajar waya. Ya san ranar kaza za a dafa, ba zai shiga yaƙi ba guzuri ba.

Ranar da safe ko ruwa bai sha ba, yana tattalin kayansa. Matar ta aike shi sayen lemo. Yana fita ta bi gidan lungu-lungu da tsintsiya, ta ci karo da tarin bayan ƙofa. Ta yi tsaki ta mayar da kowanne wurinsa.

Tsohuwa ta iso, da wani farin zanin, da sandarta da tabarau. Ta tsaya a bakin falo tana ƙare masa kallo. Kafin ta zauna sai da ta shafa kujerar da hannu, ta duba tafin. Ta goga yatsa a kan talabijin, ta duba. Ta leƙa kicin, ta leƙa ɗakin baya, ta ce, "Au, dama akwai taga a nan?"

Ta dawo ta zauna, fuskarta ta saki. "Yaron nan, ashe kana jin magana. Allah ya yi maka albarka."

Ya durƙusa ya ce, "Amin, Mama." Matar ta juya baya tana share ido da bakin mayafi, don daɗi.

Aka shimfiɗa abinci. Shinkafa na tururi, kaza ta sha mai, ƙamshi ya cika falo. Matar da kanta ta ɗora masa cinya guda a faranti. Tsohuwa ta ce, "Bismillah, matso mu ci."

Ya ce yana zuwa. Ya faɗa ɗaki, ya leƙa bayan ƙofa. Ƙasa sai sheƙi take. Ya fito ya raɗa wa matar, "Ina guzurina?"

Ta raɗa masa, "Na kwashe. Zauna ka ci, kar ka kunyata ni."

Ya zauna. Cikinsa ya yi wani ƙugi, har tsohuwa ta waiga ko mota ce ta tsaya a waje. Gumi ya karyo masa. Yana ta rarraba ido, sai ya hango takalman tsohuwa a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗan karkace. Ya yi wuf ya daidaita su, ya dawo ya kai loma.

Tsohuwa ta ce, "Kai, madalla da wannan yaro."

Ya hango jakarta a ƙasa. Ya ɗauka ya rataye, ya dawo ya kai loma.

"Allah ya yi albarka."

Sandarta na jingine da kujera. Ya kai ta bayan ƙofa, ya kai loma. Mayafinta na kan hannun kujera. Ya ninke ya sa a jaka, ya kai loma. Ta cire tabarau don ta goge tururi, ta ajiye a gefen faranti. Kafin ta miƙa hannu, tabarau ya shige gidansa, gidan ya shige jaka, mutumin ya kai loma.

Tsohuwa ta daina sa albarka. Tana laluben nama a faranti tana cewa, "To, ai ya isa haka nan, gyaran ya yi."

Shi kuwa duk wannan shinkafa ya ci. Cinyar kaza na nan kwance, ko taɓa ta bai yi ba, man da ke jikinta ya fara daskarewa. Ya dubi ƙasa, babu komai. Ya dubi bango, agogo na wurinsa, labule na wurinsa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya dubi matarsa, ya ga nan ne gidanta. Sai idonsa ya taho a hankali ya sauka a kan tsohuwa, ya tsaya cak.

Matar ta san wannan kallon. Ta ce, "Maigida, kar ka soma."

Ina! Ya riga ya miƙe. Ya zaro makullin mota daga ƙusa, ya ɗauko jaka da sanda, ya zo gaban tsohuwa ya durƙusa har ƙasa cikin ladabi.

"Mama, ki yi haƙuri, tashi za ki yi in kai ki gida."

Tsohuwa ta tsaya da loma a hannu. "Gida? Ko rabi ban ci ba. Laifin me na yi maka?"

"Ba ki yi laifin komai ba, Mama. Na duba gidan nan kaf, ke kaɗai ce ba kya wurinki, ga shi kazata na hucewa."