Rasuwar Giwa da Injin da Ta Bari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, direbobin tasharmu, da duk wanda na taɓa ɗaga wa murya a kan zancen mota, rasuwar motata ƙirar Amurka wadda aka fi sani da Giwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar shataletalen kasuwa, da fasinja biyar a cikinta da kiret shida na ƙwai a but. Shekararta goma sha takwas a hannuna, ban da waɗanda ta yi wa wani kafin a sauko da ita daga jirgin ruwa.

Marigayiyar doguwa ce, mai faɗin ƙirji, mai kwarjini. In ta shiga layi a tasha, sauran motoci sai su koma kamar 'ya'yan da ta goya. Ba ta taɓa ƙin kaya ba. Kujerarta ta baya ta kai mata huɗu asibiti suna naƙuda, ɗaya daga cikinsu ma a hanya ta haihu, ba ta jira an kai ba. A ƙuruciyarta tana gaisuwar safe da murya mai kauri, gurrum-gurrum-gurrum, har tagogin maƙwabta su amsa. Mai kuwa tana shansa kamar an yi mata gori.

Wanda ya san ni ya san musuna: injin Amurka ya fi na Japan ƙarko. Shekara goma sha ɗaya ina kafa hujja biyu. Ta farko, ban taɓa buɗe bonet ɗin Giwa ba. Duba mai da ruwa aikin bakanikenmu ne, wanda muke kira Sufana, kuma ina alfahari da cewa mota mai lafiya ba a leƙa mata ciki. Hujja ta biyu ita ce ƙanina, autan gidanmu.

Auta yana da wata 'yar farar motar Japan da yake haya da ita, na raɗa mata suna Gwangwani. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kwantar da ni asibiti aka yi mini aiki a ciki. Na bar Giwa a garejin Sufana tana amai da shuɗin hayaƙi, tana ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar mai tsohon tari. Bayan sati shida na fito, na tarar Giwa ta warke sumul, Gwangwani kuma ta mutu. Auta ya ce injinta ne ya buga. Ya sayi famfo da roba, ya koma facin taya a bakin titi.

Na lura muryar Giwa ta canja. Gurrum ta tafi, sai wani siririn sirrrr. Shan mai ya ragu rabi. Na ce girma ne ya zo mata, ta yi hankali.

Shekara uku da suka wuce muna cin abinci a falon yayarmu, musu ya tashi. A gaban matarsa da 'ya'yansa na ce, “Auta, da ka ji maganata ka sayi mota ba gwangwani ba, da yanzu ba ka zaune kana shaƙar iskar tayoyin mutane.” Aka yi dariya, ni na fi kowa. Ya ajiye cokali, ya ce, “Haka ne, Yaya.” Ya sa takalminsa ya fita. Wata ɗaya bayan nan ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Lambarsa ba ta sake shiga ba.

Marigayiyar ta yi doguwar jinya. Tsatsa ta cinye ƙasanta har fasinja na ganin kwalta na gudu ta tsakanin ƙafafunsu. Giyar baya ta daina amsawa tun bara. Ranar Talata ta ce ƙararas sau ɗaya, ƙarfen ƙashin bayanta ya karye, ta durƙusa. Ƙwai ko ɗaya bai tsira ba.

A gareji na ce zan yi mata kallon ƙarshe. Da hannuna na ɗaga bonet. Sai ga wani ɗan ƙaramin inji zaune a tsakiyar makeken fili kamar jariri a gadon manya, an tokare shi da ƙarafan walda ta ko'ina, da rubutu a jikinsa wanda ban iya karantawa ba.

Sufana ya goge hannunsa ya daɗe yana gogewa. Ya ce, “Maigida, naka injin ya mutu tun kana asibiti. Auta ne ya kawo motarsa da ƙafarta, lafiyarta lau, ya ce in cire in sa maka. Ya ce in ka fito ka tarar babu Giwa, ɗinkin cikinka ba zai riƙe ba. Kwana tara na yi ina haɗa su, ba sa jin yaren juna. Kuma ya sa na rantse.”

Na ce, “Shekara goma sha ɗaya, Sufana, ka kasa ko yi mini ishara?”

Ya ce, “Sau nawa na ce ka zo ka leƙa?”

Ya jona batir, ya taɓa waya. Injin ya ce sirrrr, a cikin gawa.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu, biyu sun yi sanƙo. Ta bar rediyo mai kama tasha ɗaya, da jak wanda ba nata ba. Ta bar mai ita, babu sana'a, babu bakin magana. Ta kuma bar injin Japan ɗaya mai shekara ashirin a bakin aiki, tara a wurin mai shi, goma sha ɗaya yana ɗauke da mutumin da ke zaginsa kullum, kuma har yau ko hayaƙi ba ya yi.

Direbobin tasha, ban san sauran motocin duniya ba. Nawa musun dai ya ƙare.

Za a ɗauko gawar daga garejin Sufana ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ja ta da igiya zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a yanka ta a auna. Na ga abin da ke cikin sunan wurin, ba sai an nuna mini ba. Za a karɓi gaisuwa a bencin gareji. Ana roƙon masu zuwa su bar “ai mun faɗa maka” a gida.

Injin ba zai bi ta ba. An sauke shi, an wanke, an rufe shi da tamfol. Mutum uku sun taya, ba na sayarwa ba ne, yana da mai shi.

Yayarmu tana da sabuwar lambar Auta, ta ƙi ba ni. Ta dai yarda ta karanta masa wannan sanarwa ta waya kafin a buga. Ta ce ya saurara har ƙarshe. Bai tambayi lafiyata ba, bai ce zai zo ba. Abu ɗaya ya tambaya: an canja wa injin mai?

An canja, Auta. Da hannuna, karon farko.

Ban sa rai ba. Amma na roƙi mai jan gawar ya jira har ƙarfe goma sha biyu.