Rabin Dutsen da Amarya Ta Cinye

Kaka na tsakiyar goge gilashin duba duwatsu da bakin rigarsa, al'adarsa ta kowace safiya, sai jikarsa ta shigo shagon da 'yar takarda a ninke. A ciki akwai lu'ulu'un farko da ta yanka da hannunta. In ya gamsar da tsoho, kujerar faifan gogewa ta zama tata. In bai gamsar ba, ta koma wankin duwatsu.

Ta ce, "Ina kwana, Angona. Haƙoran nan biyu sun tashi lafiya?"

"Sun fi aikinki ƙwari, Amarya. Miƙo."

Ya ɗora a ma'auni, ya dafe ƙirji. "Wayyo! Dutsen da na ba ki ya ninka wannan. Sauran haɗiyewa kika yi?"

"Tumbi na rage masa. Da ƙiba ce kyau, ai da kai ne sarauniyar kyau a gidanmu."

"Marar kunya! Mai dutse nauyi zai tambaya."

"Wa ya koya min cewa in gindin dutse ya yi zurfi, haske ya faɗa rijiya? In ya baje kuma, ya zama idon mataccen kifi?"

"Wani mahaukacin tsoho."

"Shi na aura."

Ta kai hannu za ta kunna fitila, ya buge hannun. "Fitila maroƙiya ce, kowa take yabo. Taga!"

Ya kama dutsen da hantsaki ya kai bakin taga. Hasken safiya ya shiga ta samansa, ya zaga fuskokin ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo mai gaida mutanen gida, bai ɓace a hanya ba, ya fito ta inda ya shiga ɗauke da bakan gizo. Kaka ya nemi lungu guda mai duhu. Ya juya, ya sake juyawa. Babu. Shi sai da furfura ta tsiro masa kafin hannunsa ya yarda ya zubar da nauyi saboda haske.

"Na ga ka sandare, Ango. Ko an cika ne, in kira maƙwabta?"

"Ƙura ce ta faɗa min ido."

"Ta rabin dutsen ce."

Ya tuntsire da dariya har da tari. "Ido ba mudu ba, ya san kima. Daraja ta ɗaya, ɓarauniya!"

Ya rataya mata igiyar gilashin a wuya. "Na sake ki. Je ki auri faifan."

Ya ɗauki sandarsa, ya zagaye kujerar faifan, ya bar mata ita, ya fice.