Layun Injiniya Mikail

Duk wanda ya ce unguwar Zaitawa ba ta da gwani, to bai taɓa bi ta ƙofar shagon Injiniya Mikail ba. Injiniya ne na gaske, don shi da kansa ya rubuta haka a allon shagon, kuma har yau babu wanda ya zo ya goge. A gabansa ana ce masa Uban Na'ura. Idan ya juya baya kuwa, Danna-mu-gani.

Da keken rubutu ya fara, yana buga wa mutane takardun koke. A shekarar casa'in da takwas ya sayo kwamfuta, wata ƙatuwa mai ƙeya kamar tulu. Ranar da aka shigo da ita har guɗa aka yi. Tun daga nan Injiniya ya daina amsa sallama da sauri.

"Ku ba ku san tarihi ba," haka yake fara wa duk wanda tsautsayi ya zaunar a bencinsa. "Kwamfutar farko ta fi zauren mai unguwa girma. Turawa suka yi ta matse ta har ta iso hannuna, daga nan ilimi ya tsaya. Wannan wayar da kuke shafawa kamar mage, ai wasa ce."

Babban aikinsa shi ne salsalar unguwa. Ya bi dattawa gida-gida ya karɓo tsofaffin takardun ajami, ya yi wata uku yana bugawa, ya zuba komai a faifai uku, irin waɗanda ake kira fulofi. Takardun kuma ya watsa su bayan ƙyaure, ya ce ai takarda abincin gara ce. Gara kuwa ba ta ƙaryata shi ba.

To, abu mai daraja ba a barin sa tsirara. Sai Injiniya ya kai faya-fayan wajen Malam Haruna baduku, ya ce a ɗinke masa su a jar fata kamar laya. Malam Haruna mutum ne mai amana. Ya sa basilla ya bi gefe, ya ƙara ratsawa ta tsakiya don ƙarko. Shekara ashirin da biyar Injiniya yana yawo da tarihin Zaitawa rataye a wuya.

Bana mai unguwa, Baffa Ɗayyabu, ya ce zai naɗa shi Sarkin Tarihi, da sharaɗi ɗaya: ya karanto salsalar a gaban jama'a. Kafin a sa rana har Injiniya ya sayi rawani, yana gwadawa a madubi. Riga malam masallaci ke nan.

Ranar ta zo, zaure ya cika har waje. Malama Hafsat, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ta aro na'urar da ke karanta irin wannan tsohon faifai. Injiniya ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Yau za ku ga abin da gara ba ta ci, ruwa bai jiƙa ba. Kakanninku duka suna wuyana!"

Aka sa aska aka farke layar farko. Hafsat ta ɗaga faifan sama, hasken rana ya tsiyayo ta cikinsa kamar rariya.

"Baba Injiniya, wa ya huda shi haka?"

"Kafar shan iska ce, yarinya. Ilimi ma yana numfashi."

Ta saka. Na'ura ta yi gurnani ta yi shiru. Na biyu haka, na uku ma haka.

"Wuta ce ba ta da ƙarfi," in ji shi.

"Da batir muke aiki, Baba, kuma a cike yake."

Gumi ya keto wa Uban Na'ura. Wallahi har ya ba ni tausayi, amma dariya ta fi ƙarfina. Mai unguwa kuwa ransa ya ɓaci, don ya san takardun sun daɗe a cikin gara.

Can sai Gwaggo Sa'ida, tsohuwar da ta haura tamanin, ta yi gyaran murya daga wajen mata.

"Ɗayyabu, in sunayen kuke nema, kakata ta rera mini su tana kaɗi."

Ta fara, wane ɗan wane, gida bayan gida, ba gargada. Hafsat ta ɗauka a wayar nan ta wasa, kafin la'asar muryar Gwaggo ta isa ga 'yan Zaitawa na Legas da Jidda. Mai unguwa ya ce a ɗage naɗi sai wani jiƙon.

Rawanin dai bai yi asara ba, da shi ake lulluɓe tsohuwar kwamfuta yanzu. Wanda ya ci ribar taron shi ne Malam Haruna, don duk wanda ya kawo masa aiki sai ya ba shi labari.

"Ka je ka tambayi Injiniya," yake cewa. "Shekara ashirin da biyar, ko zare ɗaya bai tsinke ba."